GIDAN DA YA GYARA LAIFINSA, A WANKE MASA TAKARDA

 Abin da nake so mu duba a wannan fitowa ta takardarmu shi ne laifin da ake rubuta wa gida a biro. Yadda ake rubuta shi kowa ya sani. Ma'aikaci ya biyo titi da littafinsa, ya ga ruwan wanka yana malala waje, ko katanga ta ci hanya, ko an tayar da ɗaki ba da izini ba, sai ya rubuta, ya bar wa mai gida takarda, wani lokaci har a shafa jan fenti a bango. To, amma ku tsaya a bakin babbar kasuwa ku tambayi masu wucewa yadda ake soke wannan laifi bayan an gyara, ku ji ko akwai mai ba ku amsa.

Ra'ayina a kan wannan magana gajere ne. Duk hukumar da ta san hanyar rubuta wa gida laifi, wajibi ne ta buɗe hanyar soke shi, hanya sananniya, mai araha, mai ƙayyadadden lokaci, wadda mai gida zai fito daga cikinta da shaida a hannunsa. Laifi ya bi ɓarna. In ɓarna ta kau, shi ma ya kau.

INDA ABIN YA SAMO ASALI

Kakanninmu Katsinawa da suka baro birninsu bayan 1807, suka zo suka zauna a bakin gulbi ƙarƙashin Ɗan Kasawa, da Gobirawan da suka kafa Tsibiri a 1836, ba su san takardar gida ba. Shaidar gidan mutum ita ce maƙwabcinsa da mai unguwarsa. In dangarka ta shiga hanya, mai unguwa ya yi maka magana, ka janye ta, shi ke nan magana ta mutu. Ba a taɓa jin ɗa ya gaji laifin dangar ubansa ba.

Da Nasara ya zo sai ya zo da littafi. Dokar Faransa ta 26 ga Yuli 1932 ita ce ta tsara littafin filaye na ƙasashen Afirka ta Yamma da ke hannunta. Dabarar ma aro ce daga wani Bature mai suna Torrens, wanda ya ƙago ta a Ostiraliya a 1858: kowane fili da shafinsa, abin da aka rubuta a shafin kuwa shi ne gaskiya a gaban alƙali. A 1935 suka ƙara wata doka wadda ta ce duk ƙasar da suka ga kamar ba ta da mai ita, ta gwamnati ce. Ga kuma dokar indijena, wadda ta ba kumandan ikon ɗaure baƙar fata ko cin sa tara ba tare da shari'a ba, a farkon zamaninta har kwana 15 a kurkuku da tarar faran 100. Ƙazantar gida tana cikin laifuffukan da ake kama mutum da su. Tsofaffi suna ba da labarin yadda mata ke rugawa su zubar da ruwan randa in an ce ga masu duba gari nan tafe.

Kada wani ya ce tsabta ce kaɗai ta dame su. A Dakar, a 1914, da annoba ta faɗo, gidajen baƙar fata aka ƙone, aka kwashe su daga tsakiyar gari aka kai su unguwar Madina. Tun daga can dokar gida ta zama sanda a hannun mai mulki, sanda kuwa ba a sassaƙa ta don ta yi afuwa.

A nan gida, ruwan 1945 ne ya sauya kome. Gulbi ya cika ya ci tsohon garin Maraɗi da ke cikin fadama, sai aka tashi mutane aka hau da su tudu. Aka yanka titina masu faɗi, aka raba fegi, unguwanni irin su Bagalam da 'Yandaka da Maradawa da Ɗan Gulbi da Limanci suka hau da sunayensu. Gaskiya ɗaya ce, hawa tudun nan ya ceci rayuka, kuma faɗin titinan har yau muna cin moriyarsa. Amma daga ranar gidan Bamaraɗe ya samu lamba da takarda, takardar kuwa cikin harshen da mai gidan ba ya ji.

An kashe dokar indijena da aikin tilas a 1946, albarkacin gwagwarmayar 'yan ƙasa. Mun karɓi mulkin kanmu ran 3 ga Agusta 1960. Tutar Nasara ta sauka, amma ɗabi'ar littafinsa ta zauna, wato a iya rubuta laifi da sauri, a yi nauyin hannu wajen soke shi. Wannan saura ce daga cikin sauran mulkin mallaka, kuma kawar da ita aikin masu kishin ƙasa ne.

YADDA LAIFI KE MANNE WA GIDA

Garin da ƙidayar 1977 ta samu mutum dubu 44 da 'yan kai a cikinsa, ƙidayar 2012 ta same shi da fiye da dubu 267. Mutane sun ninka har sau shida cikin shekara 35. Ina ma'aikacin da zai bi kowane ɗaki da aka tayar cikin wannan lokaci? Mutum ya yi wa ɗansa aure ya ƙara ɗaki, ya samu ɗan jari ya fasa shago a jikin zaure, damina ta kayar da katanga ya tayar da ita ya ɗan matso waje da taki biyu. Haka gari ya girma, kuma haka laifi ya taru.

Takardun gida ɗaya kuwa ba wuri ɗaya suke ba. Takardar sayar da fegi daga ma'aikatar magajin gari take fitowa. Babbar takardar mallaka, wadda ma'aikata ke kira titir fonsiye, tana hannun masu kula da littafin filaye. Izinin gini da nasa biro, masu duba tsabta da nasu. Dokar 11 ga Yuli 1959 ta ɗora wa wanda gwamnati ta ba fili sharaɗin ya raya shi kafin ya zama nasa har abada. Dokar tsabta ta 2 ga Maris 1993 ta hana zubar da ruwan ƙazanta a titi. Dokar tsarin birane ta 2017 da ta gini ta 2018 suka zo suka ƙara nasu sharuɗɗa. Kowace doka da ƙofar da laifi ke shigowa ta cikinta.

To, a ce ga wani magidanci an rubuta masa laifin ruwan wanka da na katanga. Ya haƙa rami ya rufe, ya janye katangarsa, ya biya tara. A ganinsa magana ta ƙare, tun da ba wanda ya sake zuwa. Shekaru suka shuɗe, Allah ya yi masa rasuwa. Magada suka tashi raba gado, ko suka so su sayar, ko babban ɗa ya so ya kai takardar gidan banki don ya samu jarin fatauci. Ran nan ne za a buɗe dosiye a ce akwai magana a kan gidan nan. Ina resi? Gara ta ci, ko ruwa ya tafi da shi. Ina ma'aikacin da ya gani da idonsa an gyara? An yi masa canjin gari, ko ya yi ritaya. Sai gwauruwa da marayu su shiga zarya tsakanin biro da biro, mai saye ya rage kuɗi ko ya fasa, dillalan takardu kuwa su samu abinci. Wanda ya yi laifin ya gyara tun yana da rai, amma ana hukunta waɗanda ba su san hawa ba balle sauka. Haba jama'a, wace shari'a ce wannan?

Mu da muke koyar da yara a lakkwal mun san ƙa'ida ɗaya. In yaro ya yi kuskure ka ja masa jan layi, in ya gyara ka sa hannu a ƙarƙashi don ubansa ya gani. Malamin da ya iya jan layi kaɗai, bai gama aikinsa ba.

'Yan'uwanmu na Tsibiri da Jiratawa, kada ku ce wannan ciwon 'yan birni ne. Maraɗi ta cika ta taɓo gonakinku. Tsibiri tana cikin Gidan Rumji, Jiratawa tana cikin Madarunfa, kowace da komin ɗinta da littafinta. Mutum ya sayi yankin gona a bakin iyaka da takardar shaidar gargajiya daga mai gari, ya yi gini, ya tare da iyalinsa. Bayan shekaru masu awon ƙasa su zo yankan fegi, layin titi ya bi ta tsakar gidansa. Ga shi yana kwana a ƙasar wata komin, yana cin kasuwa a wata, bai ma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Irin wannan gida laifinsa tun daga tushe yake, kuma kullum ƙaruwa suke yi.

LAIFI IRI UKU NE

Kafin a yi maganar wankewa sai a rarrabe, don ba kowane laifi ne sabulu ɗaya ke fitar da shi ba.

Na farko shi ne wanda hannu ke gyarawa: ruwan wanka a titi, gida babu masai, juji a ƙofa, indararo mai zuba cikin gidan maƙwabci, dakali ko rumfa da suka ci hanya. Wannan aikin kwana kaɗan ne da magini da buhun siminti. Da an gyara, ma'aikaci ya zo ya gani, a soke.

Na biyu shi ne wanda takarda ke gyarawa: gini mai ƙwari a wuri mai kyau amma ba a nemi izini ba, gidan da aka saya ko aka gada ba a juya suna ba, fegin da aka raya amma ba a zo an shaida rayawar ba. A nan ginin ba ya cutar da kowa. Abin da ya rage shi ne littafi ya yarda da abin da ido ke gani. Yawancin gidajen talakawa a nan matsalarsu take.

Na uku shi ne wanda ba ya wankuwa, kuma dole mu gaya wa kanmu gaskiya a kansa: gidan da aka gina a kan hanyar ruwa, ko a bakin kwazazzabo, ko a gangaren da ke sauka fadama. Ran 30 ga Agusta 2024 ruwa kamar milimita 150 ya sauka a kan Maraɗi cikin sa'a ɗaya da rabi, gidaje suka zube, aka rasa rayuka aƙalla 15. A shekarar nan sai da aka ɗage komawa lakkwal a ƙasa duka zuwa 28 ga Oktoba, saboda azuzuwa da yawa sun lalace, wasu kuma cike suke da waɗanda ruwa ya kora. Ruwa ba ya karanta hatimi. Duk ma'aikacin da ya karɓi goro ya wanke takardar gidan da ke kan hanyar ruwa, kabari ya sa wa hannu. Maganin irin wannan gida shi ne a ba mai shi wani fegi a tudu da takarda mai tsabta, a taimake shi ya tashi, kamar yadda aka yi wa garin duka a 1945. In Nasara ya iya tayar da gari guda, gwamnatin 'yan ƙasa ba za ta kasa tayar da layi biyu ko uku ba.

ABIN DA MUKE NEMA

1. Kowace takardar laifi ta faɗi abu uku a fili: mene ne laifin, me za a yi a gyara, kwana nawa aka bayar. A rubuta da Faransanci da Hausa, boko ko ajami, don mai gida ya san abin da aka ce da shi ba sai ya nemi tafinta ba.

2. In mai gida ya kai labari cewa ya gyara, a ba shi resi mai kwanan wata, ma'aikaci kuma ya zo dubawa cikin wata guda. In wata ya wuce ba wanda ya zo, jinkirin na biro ne, kada a ƙara wa mai gida ko dala.

3. In an duba an ga gyara ya yi, a ba mai gida takardar wankewa mai hatimi da lamba, a kuma rubuta sokewar a cikin dosiyen gidan a gabansa. Biron da ya soke shi zai aika wa sauran birori labari. Ba aikin tsohuwa ba ne ta riƙa yawo da takarda daga wannan ƙofa zuwa waccan.

4. A manna kuɗin kowane abu a ƙofar biro da manyan baƙaƙe, a kuma faɗa a rediyo. Kuɗin da ba shi da resi, ba kuɗin hukuma ba ne.

5. Ƙananan laifuffuka na iri na farko su mutu da kansu bayan wasu shekaru da doka za ta ƙayyade, in ba a sake kama gidan da irinsu ba. Tarar mamaci kuwa, in ta tabbata, a fitar da ita daga dukiyarsa kamar sauran bashi kafin rabo, a rufe shafin. Kada ta zama igiya a wuyan marayu.

6. A buɗe shekara guda ta daidaita takardu don laifuffuka na iri na biyu, a bi unguwa unguwa da tebur da hatimi, a rage kuɗi. An taɓa yin irin wannan tunani: a 2006 aka fito da tsarin da aka sa wa suna Sheda, don a sauƙaƙa samun babbar takardar mallaka. Sunan ma na Hausa ne, kuma ya dace. Abin da muke nema shi ne a ƙarasa aikin, shaidar mallaka ta samu 'yar'uwarta, shaidar wankewa.

7. Hukumomin Maraɗi da Tsibiri da Jiratawa su zauna tare da sarakuna da masu gari da kwamitocin filaye da dokar karkara ta 1993 ta kafa, su fitar da taswira guda ta bakin iyaka, don kowane gida ya san littafin da yake ciki. Tun Afrilun 2024 aka rushe majalisun komin aka naɗa masu riƙo. Ko zaɓaɓɓe ne a kan kujera ko naɗaɗɗe, dosiyen talaka yana nan yana jira, kuma wannan aiki bai bukaci jiran kowa ba.

AMSA GA MASU SHAKKA

Na san akwai mai cewa in aka buɗe ƙofar wankewa, kowa zai yi gini yadda ya ga dama, ya ce ai gobe a wanke. Wannan magana tana da nauyi, amma ku duba da kyau. Yau wa ke gyara laifinsa? Mutumin da ya san ko ya gyara ko bai gyara ba sunansa yana nan a littafi, me zai sa ya kashe kuɗinsa? Sai ya jira ranar da aka matsa masa ya ba da na goro. In kuwa ya san gyara na kawo takarda, takarda kuma na ƙara wa gidansa daraja, da kansa zai kira magini. Sharaɗin dai shi ne a gyara tukuna, a gani da ido, sannan a soke.

Wani kuma zai ce masu kuɗi ne za su ci moriyar abin. Jama'a, mai kuɗi ai tuni yana da hanyarsa. Yana da wanda zai aika, yana da wanda zai ɗaga masa waya. Wanda ba shi da kowa sai Allah, shi ne ke bukatar hanya rubutacciya da farashi sananne. Duhu ne ke ciyar da mai cin hanci, shi ya sa muke cewa a manna kome a ƙofa.

NAMU AIKIN

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Kada mu tsaya ga zargin biro mu manta da kanmu. Wanda ya saki ruwan wankansa a titi, 'ya'yan maƙwabcinsa yake kiwata wa sauro. Wanda ya ci taki biyu na hanya, shi ne ya hana motar kashe gobara shiga unguwa. Wanda ya toshe magudana da shara, ruwan ɗakin wani zai shiga. Ƙasar nan tamu ce yanzu, titin ma namu ne, ba na kumandan ba.

Saboda haka, kowane magidanci ya buɗe akwatinsa a wannan mako ya duba takardun gidansa. Sunan wa ke kai? Akwai wata takardar gargaɗi da aka taɓa kawowa aka jefa ƙarƙashin katifa? Kowane resi a sa shi a leda a ajiye a sama inda ruwa da gara ba sa kai, a kuma ɗauki hotonsa a ba wani amintacce. Addininmu ma ya hore mu da rubuta bashi da kafa shaidu, aya mafi tsawo a Alƙur'ani a kan haka ta sauka. Mai sayen gida kada ya biya sai ya je ya tambayi abin da ke cikin dosiye. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Samarin da Allah ya ba karatu, ku zagaya unguwanninku ku karanta wa tsofaffi da mata takardunsu kyauta, ku rubuta sunayen gidajen da ke da magana a kansu, ku rarrabe su iri uku kamar yadda na faɗa. In lissafin ya haɗu, a tafi da shi wurin mai unguwa, daga nan a wuce wurin hukuma a ƙungiyance, cikin ladabi, ba da hayaniya ba. Mutum ɗaya ana iya ce masa ya dawo gobe. Unguwa guda da takarda a hannu, sai an ba ta kujera.

Wanda wannan takarda ta shiga hannunsa, in ya gama ya karanta wa wanda bai iya ba, sannan ya miƙa ta gaba. Allah ya tsare garuruwanmu daga ambaliya, ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, ya ja zamanin ƙasarmu Nijar. Amin.

Haza wassalam.

Naku,
Wani malamin lakkwal, Maraɗi